Sanyin Motar Baba

Tambuwal

Zuwa ga Yaya Atiku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rauda da yara. Tunda waya ba ta shiga inda kake aiki, na ce bari in rubuto.

Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi. Ɓarin dama bai motsi, magana kuwa sai ka kasa kunne sosai. Mun yanke shawara da 'yar'uwarmu Hafiza a kai shi gidanta a Kebbe, don tun rasuwar Inna ni kaɗai nake jinya, kuma wallahi na gaji. Sai dai likita ya gargaɗe mu kada a yi doguwar tafiya da shi cikin zafin bazarar nan ba sanyi a mota. Na samo motar haya mai sanyi, Baba ya kafe. Ka san halinsa. In ba tsohuwar motarsa ba, wadda ta girme mu duka, sai dai a bar shi a tabarmarsa.

Da yake sanyinta bai aiki, na kai ta wurin Gazali, bakaniken da ke gyaran iyakwandishan a bayan tasha. Ya zuba gas, kafin gari ya waye ya tsiyaye. Da ya buɗe sai ya tarar robobi da tiyo duk sun bushe sun tsattsage. Ya ce rashin kunnawa ne ya kashe ta. Yaya, ka tuna yadda Baba yake kaɗe mana hannu in mun taɓa maɓallin nan, wai tana shan mai? Ashe tattalinsa ne ya jawo mana wannan wahala.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Mannir

Tambuwal

Yaya Atiku,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Rauda? Ka yafe mini jinkirin amsa.

Motar nan ta kusa ganin bayana. Irin gas ɗinta ma an daina sayarwa, dole aka sake kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin. Na yi ta safa da marwa zuwa Sakkwato neman kaya, in kawo wannan a ce bai hau ba, in koma. Kullum in na shigo gida hannu baƙi ƙirin, sai Baba ya bi ni da ido. Rannan na ji kamar in ɗauke shi cak in saka a motar haya, ya yi ta fushinsa. Na kasa.

Jiya dai Allah Ya yi. Gazali ya kunna, iska mai sanyi ta fito da warin tsohuwar katifa. Na zauna a ciki ko murna ban iya yi ba.

Naka,
Mannir

Kebbe

Yaya Atiku,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Hafiza na gaishe ku. Mun iso.

Na zaunar da Baba a gaba na tokare shi da filo, na rufe gilashi na kunna sanyi. Mun bar kwalta mun faɗa gargadar hanya, ina fama da ramuka, sai na ji iskar ta ɗauke. Na ce shi ke nan, ta sake lalacewa a tsakiyar daji. Ina dubawa na ga yatsun Baba a kan maɓallin. Na dama, Yaya. Hannun da ko cokali bai riƙewa ya ɗago, yana rawa, ya kashe, sannan ya harare ni ya ce, "Tana shan mai."

Na tsaya a gefen hanya na yi kuka har na ƙoshi. Sai da na lallaɓa ya yi barci na sake kunnawa, muka ƙarasa lafiya.

Hafiza ta ce in ya ƙi motsa hannun da safe, za ta zaunar da shi a motar ta kunna sanyi. Don haka na bar mata makulli, gobe zan koma Tambuwal a babur.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Mannir