Maɓallin Baba

Zuwa ga Autanmu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Yaya ya sami mai sayen a-kori-kurar Baba. Abokinsa ne, mai sayen tsofaffin motoci yana farfasawa, kuma gobe da safe zai zo ya ɗauke ta.

Ga yadda aka kai nan. Ka san gilashin bayan kujera, mai sauka da lantarki. Tun rasuwar Baba yake tsaye rabi a buɗe, ko an danna ba ya motsi. Ruwan sama ya shiga ya jiƙa kujera. Da na yi zancen kiran mai wayarin, sai Yaya ya ce kada a ɓata lokaci, shi zai duba. Mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu a ɗakinsa sai matarsa ta hau kujera!

Ya zo da sukundireba sabuwa fil da bidiyo a waya. Ya canja fis, shiru. Ya canja makunnin gaba, shiru. Ya ciro kujerar baya ya jingine a tsakar gida, kaji suka samu wurin kwana. Ya kwance ɗan injin da ke jan gilashin, ya haɗa shi da batir kai tsaye, injin ya juya lafiya lau, ya mayar da shi wurinsa. Mai hankali zai gane cewa wuta ce ba ta isowa. Shi kuwa Injiniya sai ya wanke hannu ya je ya shaida wa Inna cewa wayoyin motar duk sun ruɓe, wata rana za ta kama da wuta da jikokinta a ciki. Inna ta tsorata, ta ce in haka ne a rabu da ita. Washegari abokin ya bayyana. Biri ya yi kama da mutum.

Da motar nan nake kai ƙwai kasuwa, Yaya ya sani. Ƙamshin turaren Baba ma bai gama fita daga cikinta ba, amma wannan ba zai sani ba, don bai taɓa yin tafiya a cikinta ba. Ya fi ƙarfin motar kaya, kada rigarsa ta yi ƙura.

Jiya ina shanya kujerar na tuna ranar da gilashin ya kusa datse yatsan 'yar wajena. Kai ka taɓa ce mini bayan nan Baba ya sa an yi masa ɓoyayyen maɓalli mai yanke wutar gilashin, don yara su daina wasa da shi. Na durƙusa na laluba ƙarƙashin kujerar direba. Yana nan, Auta, an naɗe shi da baƙin salatif, a kashe. Ina jin Baba ya sauke gilashin ya sha iska, ya kashe abinsa kamar kullum. Na daɗe a durƙushe a wurin.

Da na gaya wa Inna, ta ce in gilashin ya motsa a gabanta, babu mai taɓa motar.

Na kunna maɓallin, amma ban gwada ba, don Yaya ya cire batir ya tafi da shi gidansa. Maƙwabcinmu ya ce zai ara mini nasa da sassafe, kafin abokin ya iso.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Taka,
Yayarka mai kaji