Sunan Yayana Yana Nan a Kwamfutar Shagonmu

Gwaggo mai shawara,

Don Allah ki taimaka mini. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ya yi mini dariya ko ya ji tausayina ba, kuma duka biyun ba na so. Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na rubuta miki, ukun farko suna aljihun tebur. Ki yi haƙuri in ta yi tsawo.

Shekaruna arba'in da biyu. Ina da shagon buga takardu, ɗaki ɗaya mai ƙofar gilashi, tsakanin tela da mai gyaran waya. Tebur biyu, kujera uku, firinta, injin kwafi, da kwamfuta ɗaya wadda fankarta ke gurnani kamar tsoho mai minshari. Da na ce ina da shago, bakina ne kawai ya faɗa. Yayana ne ya kafa shi. Ni na same shi a ciki bayan na gama sakandare, na zauna a teburin gefe shekara ashirin da ɗaya. Duk layin Mai Tabarau suke ce masa, ni kuma ƙanin Mai Tabarau. Shi kuwa Malam Ko-da-yake yake kirana, wai ba na ƙarasa magana sai na dawo na rushe ta da kaina. Yau shekara biyu da wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Ciwon kwana shida ya yi.

Ranar da muka sayo kwamfutar, shi ya saka manhajojin da muke aiki da su, ta rubutu da ta zanen kati. Kowacce ta tambayi sunan mai amfani da sunan kamfani. A na farko ya buga cikakken sunansa har da na mahaifinmu. A na biyu ya buga abin da ke allon ƙofarmu: Mai Tabarau da Ƙaninsa. Ina tsaye a bayansa ya waiwayo ya ce to, yau na shiga tarihi, in daina tsuke fuska. Tun daga ranar, duk safiya in na buɗe manhajar zane, sunayen nan biyu sukan fito a tsakiyar allo na daƙiƙa huɗu kafin ta gama buɗewa. Na ƙirga, huɗu ne. A ta rubutu kuma, in mutum ya yi gyara ko tsokaci a gefen shafi, sunan yayana ne ke fitowa a kai, kamar shi ya yi.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun ina aji uku nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi. Bayan rasuwarsa shagon ya yi shiru, musamman da tsakar rana in mutane sun ɗauke ƙafa, sai na koma buga rubutun nawa a kwamfuta. Wata rana na so in tuna wa kaina wani abu, na sa tsokaci a gefe, sai ga sunansa a kai. Na daɗe ina kallo. Daga nan abin ya zame mini jiki. In rubuta yadda na wuni, sannan a gefe in buga abin da na san da zai ce. In na rubuta cewa ina tsoron na ɓata launin katin wani, a gefe sai a ce: sarkin tsoro, mai katin ya kawo ƙara ne? In na rubuta ban ci komai ba tun safe, sai a ce in tashi, injin kwafi ba zai gudu ba. Na san ni ne nake bugawa, Gwaggo. Hankalina ƙalau yake. Amma in na karanta, sai in ji kamar teburinsa na tsakiya da mutum.

Yayana ya bar 'ya ɗaya, Ƙarama muke ce mata, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Mako shida da suka wuce ta turo mini babi biyu na kundin bincikenta, ta ce Baffa a duba mata kurakurai. Na ji daɗi ƙwarai. Na kwana uku ina bi layi-layi, na yi gyara sittin da uku a gefe, na mayar mata ta imel. A ɗaya daga ciki na rubuta cewa wannan jimlar ta fi ki tsawo, ki rage mata ƙafa. Haka ubanta yake tsokanarta tun tana firamare, don gajeruwa ce.

A ɗakin karatu ta buɗe, cikin ƙawayenta. Ta ga sunan mahaifinta sau sittin da uku, da kwanan watan makon da ake ciki, da irin maganarsa. An ce ƙawayen ne suka riƙo ta suka fitar da ita.

Washegari da safe mahaifiyarta ta kira ni. Matar yayana mace ce mai kawaici, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce bawan Allah ya kwanta dama, in bar shi ya huta. Ta ce ba ta taɓa zaton ni zan yi wa yarinya wasa da sunan ubanta ba, kuma kada in ƙara tura mata komai sai na cire sunan daga na'urar. Na rantse mata ban yi tunanin haka ba, na saba ganin sunan ne har na daina ganinsa. Da ta kashe wayar na buɗe rubutuna na ranar da na tura aikin, don in tabbatar wa kaina. Ga abin da na tarar: yau mun gyara wa Ƙarama aikinta, ni da Yaya. Ke nan na sani? Ko ban sani ba? Na yi mata rantsuwar ƙarya ke nan? Wannan tambayar ta fi komai ci mini rai.

Aurena ya mutu shekara tara da suka wuce, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ɗaki ɗaya nake haya a bayan wani gidan sama, tagata tana kallon katanga. Duk Asabar in na rufe shago gidan yayana nake zuwa, in zauna a kujerar kusa da taga, in gyara musu soket ko famfo, in ji labarin makaranta. Nan kaɗai ne ake tambayata me ya sa na rame. Asabar biyar ke nan ban je ba. Ba a hana ni ba, ko da yake ba a kira ni ba. Yanzu ranar Asabar sau biyu nake share shago, in bi doguwar hanya zuwa gida. Ƙarama ba ta turo babi na uku ba, kuma na san lokacin miƙa shi ya kusa.

Ba wai ban gwada ba. Sau uku na buɗe wajen saiti, na ga akwatin da sunan yake. A karo na biyu har na goge shi, akwatin ya zama fari fat, sai na danna fasa. Na tambayi maƙwabcina mai gyaran waya, ban gaya masa dalili ba. Ya ce ai irin wannan suna ya shiga jinin na'ura, sai an wanke ta gaba ɗaya an sake zuba komai. Tun daga nan tsoro ya ƙaru. Akwai aikin mutane na shekaru a ciki, akwai rubutuna.

To Gwaggo, da gaske ne sai an wanke ta? In na canza sunan, tsofaffin tsokacin nan za su koma sunana, ko za su ɓace? Sunan kamfanin fa, in cire shi in sa me, alhali ban taɓa zama komai ba sai ƙaninsa? Kuma in na yi duk wannan, da wane ido zan shiga gidan?

Naki,
Malam Ko-da-yake


Malam,

Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙurin rashinsa. Wasiƙarka ma, da ka turo ta imel, da sunansa ta iso mini a gurbin sunan marubuci, don haka na ga abin da idona.

Bari in fara sauke maka tsoron na'ura, shi ya fi sauƙi. Maƙwabcinka ya san waya, amma a nan ya zarce. Ba sai an wanke komai ba. A manhajar rubutu, sunan nan laƙabi ne kawai, kuma akwatin da ka buɗe sau uku shi ne wajen. Ka goge, ka buga naka, ka tabbatar, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. In sunansa ya dawo, to an shiga manhajar da imel ɗinsa ne, sai ka fita daga nasa ka shiga da naka. Tsofaffin tsokaci ba sa canzawa. Abin da aka rubuta da sunansa zai zauna da sunansa, sababbi ne kawai za su ɗauki naka. Manhajar zane kuwa, wasu kan bari a gyara sunan a saiti, wasu sai an cire ita kaɗai an sake sakawa. Kafin ka taɓa ta, ka nemo takardar lasisinta ko lambarta, ka rubuta wa kamfanin da ya yi ta cewa mai rajistar ya rasu, kana so a mayar da ita sunanka. Kada ka bari wani ya shiga can cikin tsarin kwamfutar yana 'yan dabaru. Kuma tun kafin komai, ka kwafe aikin mutane da rubutunka a wata ma'ajiya ta daban. Ka ɗauki hoton allon nan na daƙiƙa huɗu, ka buga shi da firintarka, ka ajiye.

Yanzu ga mai wuyar. Ba na ganin ka yi rantsuwar ƙarya. Ka san kana aiki da tunaninsa a zuciyarka, ba ka tsaya ka hango yadda abin zai faɗo wa yarinya a gaban mutane ba. Wannan sakaci ne na mai kewa, ba mugunta ba. Amma ita ma matar yayanka tana da gaskiya. Kai ka yi shekara biyu kana zaɓar lokacin da za ka ga sunan. Ita yarinyar ba a tambaye ta ba, aka ɗora mata shi sau sittin da uku a zama ɗaya. Uwa kuma in ta ga 'yarta a wannan hali, ba ta tsayawa binciken niyya.

Rubutun da kake yi da tsakar rana ba hauka ba ne, kuma ban ce ka goge ko layi ɗaya ba. Sai dai ka lura, duk maganar da ke gefen shafin nan, mai sa ka ci abinci, mai rage maka tsoro, daga kanka ta fito. Gyara sittin da ukun nan ma kai ka yi su, ka kwana uku a kai. Ƙarama ba ta nemi mahaifinta ya duba mata aiki ba, Baffanta ta nema.

Sunan kamfani kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Sunan shago ne, yana kan ƙofa, kuma su ma suna da haƙƙi a kansa. Ka tambaye su. Ba mamaki su ce a bar shi, domin ba shi ne ya jawo ciwon ba.

Sunan mai amfani kuwa, ka mayar da shi naka a cikin makon nan, kada ya kai Asabar. Ranar Asabar ka rufe shago ka tafi, kada ka jira kira. Ka gai da matar yayanka, ka ce ka yi kuskure, ka ba da haƙuri, ka tsaya a nan, ban da ƙarin bayani. In ta ba ka wuri, ka gaya mata gaskiyar yadda shagon ya yi maka shiru, don ina zaton ba ta sani ba. Ita ma gidan ya yi mata shiru. Ƙarama kuma ka tura mata saƙo gajere daga wayarka, ka ce ka gyara sunan, kuma kana jiran babi na uku in tana so. In ba ta amsa da wuri ba, kada ka ƙirga kwanaki. In ta turo, ka yi mata gyaran da bakinka, da irin taka tsokanar.

Allah ya sanyaya zukatanku gaba ɗaya, ya ba yarinyar sa'ar kammala karatu, ya sa kai ne za ka buga mata kundin da hannunka.

Gwaggo