Ni Ka Ɗauko Arɗo

Laraba da dare, Dinawa

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Bello, ɗan kawuna, ya nuna mani bindiga cikin buhun albasa. Wai jibi, in Arɗon makiyaya ya taho zaman sulhu da mutanen garinmu, sai shi tare shi ga mashayar shanu.

Nac ce, "Kai, mi as same ka?" Yac ce, "Ka manta wa sunka kashe muna?" Ban manta ba, da ni anka ɗauki gawar Kawu.

Sai nib ba shi labarin da nika karantawa ga waya. Wata ƙasa can nesa, yaƙin basasa ya ƙare, ana murna, wani ɗan wasan kwaikwayo ya harbe shugabansu. Yag gudu da karyayyar ƙahwa, shina ɓoyo cikin daji, shina roƙon a kawo mai jarida shi ga yabonshi. Har mutanenshi tsine mai sukai. Cikin rumbun taba anka rutsa shi, can yam mutu.

Bello yai dariya. "Malam Boko, tatsuniyar Turawa ka kawo mani?"

To, shi yi dariya. Tun da rikicin ga yah hana mu noma, fadamarmu ta zama ciyawa, yau Inna sayen albasa takai kasuwa, mu da munka saba cika mota. In sulhun ga ya watse, shi ke nan.

Ba ni son Arɗo, ko gaisuwa ba mu yi. Amma jibi ni ka ɗauko shi bisa babur ɗina, ta mashayar nan za mu bi. In Bello na harbi, shi hwara da ni.