Inna Ta Ƙi Shan Magani

Ƙanina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan alhamdu lillahi.

Zancen katin inshorar lafiya ne, wanda ka biya wa Inna. Ranar Talata muka hau babur daga Tsohon Birnin Gwari zuwa asibiti, hanyar da ba a binta sai da addu'a. Mai ba da magani ya juya katin ya ce, "Hajiya, na masu kati ya ƙare." Da na kwance bakin zane, sai ga maganin hawan jinin daga ƙarƙashin tebur. Wai kamfanin inshora ne bai biya su ba. Ban ɗaga murya ba, amma har yau raina a ɓace yake.

Inna kuwa a gabanta aka yi. Kwana huɗu ke nan ta ƙi haɗiyar ƙwaya ko ɗaya, sai jiƙon tafarnuwa. Ta ce, "Wanda ya ɓoye magani saboda kuɗi, me zai hana shi sayar mini da alli?" Ƙafafunta sun fara kumbura.

Don Allah ka kira ta yau, maganarka take ji. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa.

Yayarka,
Rakiya