Nalka a Gindin Azaliya

Río Bueno, ƙarshen Agusta

Orfelina, tsohuwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar yayarki Clorinda? Direban bas ya ce ya gan ta a kasuwar Temuco tana tafiya garau, har da kwando a hannu. Na yi murna, sai dai ban san me ya rage da yake riƙe ki a can ba.

A'a, ƙarya nake, na sani. Maganar da na yi ce a gaban baƙi ranar bikin zagayowar haihuwata, cewa fure ba ya shiga tukunya, kuma matata ta ƙare ƙuruciyarta tana kiwon abin da ko akuya ba ta ci. Kowa ya yi dariya, ke kuma kika tashi kika kwashe kwanuka. Giya ce ta tunzura ni, amma bakin nawa ne.

Ina so ki san ban zauna haka nan ba. Na shiga lambunki na jikin shinge, inda azaliyoyin marigayiya mahaifiyarki suke, 'yan itatuwan furen nan. Duk tarkacen ciyawar da ta cika gindinsu na nome ta tas, na watsa wa kaji. Don kada ƙasa ta zauna tsirara, na gangara bakin kogi na tono manyan saiwoyin nalka, shukar nan mai faffaɗan ganye, na dasa a tsakaninsu. Ganyenta yana da kyau, in ta yi kuma mu ɓare karan mu ci da gishiri da yaji. Kin ga kowa ya sami nasa.

Ki gaida Clorinda.

Mijinki,
Eleodoro

Río Bueno, tsakiyar Oktoba

Orfelina,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin can ya sake ku. Wasiƙarki ta zo wa maƙwabciyarmu doña Uberlinda, ni tawa ba ta zo ba. Ban yi ƙorafi ba.

Ban san ta inda zan fara ba. Nalka ta tashi. Kin san yadda take a bakin kogi, to a ƙasarki mai taki ta haukace. Kowane ganye ya kai laima, har 'yan makaranta suna tsayawa a bakin shinge suna tambaya ko ta sayarwa ce. Duk unguwa azaliya ta buɗe, ja da fari, tamu kuwa sai na durƙusa na ɗaga ganye kafin na ga 'yan furanni a ƙasa, sun koɗe a cikin duhu.

A haka doña Uberlinda ta same ni, gwiwa a ƙasa. Ta tambaye ni ina furanninki na primula, da 'yan shuɗɗan furannin nan da kike jerawa a gaba. Na ce ban ga wasu furanni ba, ciyawa kawai na nome. Sai ta ce, "Eleodoro, a Agusta ai barci suke yi, lokacin sanyi ne, ba sa fure. Shekara talatin kana wucewa ta gabansu zuwa rumfar itace, ba ka taɓa duba ƙasa ba?"

Orfelina, na so ƙasar ta buɗe na shige. Abin da kika zaɓa ɗaya bayan ɗaya tun muna amarci, kaji na watsa wa.

Washegari na ɗauki shebur na tono nalkar, nan ma na ƙara ɓarna. Ashe saiwar azaliya a sama-sama take, siririya kamar gashi, kuma ta biyo shebur. Farar azaliyar nan tsohuwa, wadda mahaifiyarki ta kawo daga Osorno a gwangwani, ta karkace. Na kafa mata sanda, ina ba ta ruwa. Ban sani ba ko za ta yi rai.

Ba na iya zuwa coci ta babban titi yanzu, ta baya nake zagayawa.

Naki,
Eleodoro

Río Bueno, Nuwamba

Tsohuwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ni lafiya lau, sai kunya.

Doña Uberlinda ta ce babu abin da na hallaka da ba ki raba wa matan unguwa irinsa ba, in ina da fuskar roƙo. Fuskar ba ni da ita, amma na ɗauki baro na bi gida-gida. Ba wadda ta bar ni a ƙofa. Sai an zaunar da ni kusa da murhu, an ba ni shayi, an yi min tsiya son rai, sannan a fito da wuƙa a yanko min. Matar mai gasa burodi ta ce in kawo mata ganyen nalka ɗaya ta rufe rumfarta da ke yoyo. Da na buɗe baki zan yi godiya, suka ce kul, ba a gode wa kyautar shuka, sai ta ƙi kamawa. Haka na riƙa fita kamar ɓarawo.

Abin da ya fi tsiyar ciwo shi ne kowace ta san dalilinki. Wai primula kike sawa don ta riga azaliya buɗewa, kada wurin ya yi shiru. Shuɗɗan kuma don su sa jan ya fito. 'Yan gajerun ganyen nan na gefe don su riƙe danshi bayan fure ya zube, kuma ba sa ƙwace wa kowa ruwa. Duk kin faɗa musu. Na tabbata ni ma kin faɗa min, wataƙila ina sauraron ƙwallo a rediyo.

Farar ta fitar da sabon ganye a reshe ɗaya. Sauran rassan ban ga alama ba.

Yanzu ga shukokin da matan suka ba ni nan jere a bakin ƙofar kicin, cikin gwangwanaye. Doña Uberlinda ta ce za ta nuna min inda kowanne yake zama, na ce a'a. Sau biyu na taɓa ƙasar nan da ra'ayin kaina, ba zan ƙara ba. Ta ce ba za su jure zafin bazararmu ta Disamba a gwangwani ba.

Ba ni da bakin cewa ki dawo. In ba za ki zo ba, ki rubuto min inda zan sa kowanne, zan bi shi yadda kika faɗa. In kuma za ki zo, bas ɗin Asabar yana tsayawa a gaban kantin magani. Zan je da baro saboda akwatinki. Na je wancan satin ma.

Mijinki,
Eleodoro