Kalmar da Ka Tambaye Ni Ban Ji Ba

Zuwa ga maigidana, Malam Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya muke. Nana ta kusa kamo ni tsawo, kuma har yanzu ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci. Ina nan a aikina na kula da tsohuwar nan ta unguwar Irving Park. Wani lokaci takan tambaye ni ina mutumin da ke zuwa ɗaukata da yamma, in gaya mata, ta yi mini ta'aziyya, bayan kwana biyu ta sake tambaya.

Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, ita ce ta sa na zauna rubuta maka wannan takarda.

Ka tuna yadda muka shiga binciken nan na ma'aurata? Rifkatu ce ta kawo mana shi, maƙwabciyarmu 'yar Kafanchan mai karatun halayyar ɗan Adam a jami'a. Ta ce wasu malamai a wata jiha suna neman miji da mata su riƙa amsa tambayoyi ta intanet duk bayan wata shida, kuma kusan duk masu amsawa Turawa ne, sai a rubuta yadda aure yake ba tare da an ji daga bakin irinmu ba. Ni ban so ba. Na ce sirrin gida ba na kwamfuta ba ne. Kai ne ka ce mu gwada, tunda sun yi alkawarin ba za su nuna wa kowa ba, har ni da kai ba za mu ga na juna ba.

Kwamfuta ɗaya gare mu, a lungun falo, mai ƙarar nan idan za ta hau intanet, ta kuma toshe mana layin waya. Saboda haka bi da bi muke yi. Ni nake farawa, in gama in shige kicin, kai ka zauna.

Tambayoyin sun ba ka dariya da farko. A ce ka zaɓi lamba daga ɗaya zuwa bakwai, ka nuna yadda ka gamsu da matarka. Ka ce, "Waɗannan mutane so suke su auna aure da mudu." Amma kai ne kake daɗewa. Ni minti ashirin na gama, kai sai ka yi awa guda, musamman a akwatin ƙarshe inda ake cewa mutum ya rubuta abin da ya ga dama.

Da yake lakwal, makarantar bokon can, ka yi a Damagaram, da Faransanci ka tashi, Turancinka na baki ne, rubutun yana ba ka wahala. Sai in ji ka daga falo kana kiran sunana, kana tambayar yadda ake rubuta kaza. Wata rana kalmar taurin kai ka nema. Na leƙo da ludayi a hannu na tambaye ka wa kake nufi, ka rufe fuskar kwamfutar da tafin hannunka kana dariya, ka ce doka ta hana. Wata rana kuma kalmar asibiti ce, na san kana ba su labarin haihuwar Nana. A haka nake tsintar ɗan abin da kake rubutawa, kalma ɗaya ɗaya.

Ban taɓa gaya maka ba, amma tambayoyin nan sun gyara mini wasu abubuwa. An taɓa tambayata sau nawa na gode maka a cikin mako. Na tsaya na yi tunani, na ga ban yi ba ko sau ɗaya, ba don ba na gani ba, sai don a gidanmu ban taso na ji ana faɗa ba. Ranar ce na ce maka sannu da ƙoƙari da ka dawo daga aiki, ka tsaya a bakin ƙofa kana dubana kamar na yi wani yare.

Sai zagaye na biyar ya zo, a mummunar rana.

Da safen ranar na shiga motarka neman takardar inshora, na tarar da kwalaben maganin hawan jininka guda uku, ko buɗe su ba a yi ba. Wata uku kana ce mini kana sha. Ka ce maganin yana sa ka jiri a wurin aiki, kuma lokotoro, likitan da kake gani, ba ya sauraronka. Na faɗa maka maganganu masu zafi.

Da la'asar na zauna gaban kwamfuta da wannan zuciyar. Ko mijina yana gaya mini gaskiya? Na ba ka ɗaya. Ko yana jin shawarata? Ɗaya. Ko na gamsu da aurena? Biyu. Akwatin ƙarshe na bar shi fayau, na tashi.

Ka zauna naka. Ina wanke-wanke, famfo a buɗe, na ji ka kira ni kana tambayar wata kalma. Ƙarar ruwa ta hana ni jin ko wace ce. Ban kashe famfon ba. Na ɗaga murya na ce ka duba ƙamus. Ba ka sake kira ba.

Mun shirya bayan kwana biyu, ka koma shan magani a gabana kowace safiya. Amma bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki aka kira ni daga wurin aikinka aka ce ka faɗi. Sauran ka fi ni sani.

Na fita takaba da mako uku saƙon zagaye na shida ya shigo, da sunana da naka a sama, ana gode mana da haƙurin da muke yi da su. Na daɗe zaune ina kallonsa. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, maganata ta ƙarshe a kan aurenmu da ke ajiye a wani wuri a duniya ita ce ban gamsu ba. Na biyu, kalmar nan. Ina tuƙi ina tunaninta, ina ba tsohuwa abinci ina tunaninta. Ko haƙuri kake son rubutawa? Ko gajiya? Ko tsoro?

Rifkatu ta taya ni rubuta wa shugabar binciken. Na gaya mata ka rasu, na roƙi abu biyu: a bar ni in canza amsoshina na baya, kuma a turo mini abin da ka rubuta a ranar.

Ta amsa bayan kwana huɗu, da kanta, ba saƙon na'ura ba. Ta yi mini ta'aziyya mai kyau. Ta ce amsoshina ba a canza su, amma idan ina so za su cire su gaba ɗaya. Naka kuwa, ta ce sun yi maka alkawari kana raye cewa babu wanda zai gani, har ni, kuma rasuwarka ba ta warware alkawarin ba.

Na ji haushinta, ba zan ɓoye maka ba. Na ce wace ce ita da za ta tsaya tsakanina da mijina. Kwana biyu ban buɗe kwamfutar ba.

Daga baya na tuna yadda kake da amana. Mutane nawa ne daga gida suka zauna a falon nan suka gaya maka damuwarsu, in tambaye ka bayan sun tafi, ka ce ba naka ba ne balle ka ba ni? Ka sami wuri ɗaya a ƙasar nan da ka faɗi abin da ke cikinka ba tare da kunyar kowa ba, kuma mutanen sun riƙe maka. Da sun ba ni, da na karanta, amma da na san an ci amanarka saboda ni. Sai na ji zuciyata ta kwanta.

Amsoshina ma na ce a bar su. Gaskiya ce ta wannan ranar. Na yi fushi da kai don ina tsoron rasa ka, kuma abin da nake tsoron ya faru. Idan suna son sanin yadda aure yake, to har da irin wannan ranar a ciki.

Shugabar binciken ta ce ba dole ba ne in cika zagaye na shida, amma na cika. Yawancin tambayoyin na tsallake su, don babu yadda zan amsa sau nawa muka ci abinci tare a makon. Da na iso akwatin ƙarshe na rubuta musu cewa na yi shekara goma sha shida da mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba, mai dumama mini mota kafin in fito lokacin sanyi, mai ɓoye ciwonsa don kada hankalina ya tashi, kuma wannan ɓoyewar ce kaɗai laifin da na riƙe masa. Awa guda na yi ina rubutu. Ranar na gane abin da ke zaunar da kai.

Har yanzu nakan shiga irin waɗannan binciken idan Rifkatu ta turo, ranar Lahadi bayan azahar. Na yi ɗaya a kan rashin miji, na yi wani a kan renon yara tsakanin harsuna biyu. Wasu tambayoyin ba su dace da mu ba ko kaɗan, sai in rubuta musu haka. Suna sa ni in zauna in dubi kaina, abin da aiki da hidimar gida ba sa bari in yi.

Malam, na yafe maka maganin da ka ɓoye, duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini bakina, da ranakun da ka neme ni na juya maka baya. Na gamsu da kai. Ban faɗa maka da baki ba kana raye, yau ga shi na rubuta inda kowa zai gani.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya karɓi wahalar da ka sha a kanmu a matsayin ibada. Ya raya mana Nana bisa tarbiyyar da ka fara ba ta, ya sa ta zama mai yi maka addu'a. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a Aljanna.

Taka har abada,
Hajara