Falmaran ɗin 'Yan Sanda: Abin da Na Bar wa Bala, Jabir da Hasiya

Da sunan Allah. Ni Uzairu tela, na Nasarawa Gwom, nake wannan rubutu a daminar 2009. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Kada gobe wani ya ce ciwo ne ya sa tsoho sambatu.

Na ɗaya. A raba gado yadda shari'a ta ce, a gaban liman. Roƙona kawai, keken ɗinki ya faɗa cikin rabon Bala, tunda shi ya zauna a shago.

Na biyu. Kwalayen da nake yanka falmaran ɗin 'yan sanda a kansu, Hasiya ce za ta riƙe su. Ba za su fita ba sai Jabir ko ogansa, Insifekta Fidelis, sun zo da mai oda da ƙafarsu.

Kun san asalin wannan aiki. Da can 'yan sandan kwantar da tarzoma a aljihun wando suke cusa magazin, wato gidan harsashi, ko su soke a bel. Mutum ya diro daga mota, sai ka ji ƙwal a kwalta. Na ɗinka musu falmaran na tamfol, aljihunan a ƙirji ta hagu, inda hannu ke kaiwa ba sai an duba ba. Ban sa zif ba, don laka na cije shi. Na huda ƙasan kowane aljihu saboda ruwan Jos ya zurare. A bakin murfin aljihun nake yin dajiya, wato ɗinkin baki, layi biyu da koren zare. Yau duk bariki an san wannan ɗinkin.

Na uku, kai Jabir ɗan sanda. Ka daina ɗaure magazin biyu da salatif kamar a fim, na ƙasan yana shan ƙasa. Kuma ka ja igiyar falmaran ɗinka ya kama jiki, kullum yana reto kamar buhun da ba a cika ba. Haba! Ɗan tela guda.

Na huɗu, kai Bala, kuma saboda wannan na ɗauki biro. Na ga mutanen da suka zo shago bayan rikicin bara. Ba kaki, ba katin aiki, ba su faɗi barikinsu ba, suna son falmaran irin na 'yan sanda sak, har da koren zaren. Na kore su. An ce mini sun dawo ranar da aka kwantar da ni asibiti, kuma ka ba su kujera. Tun ranar Jabir ya daina yi maka magana. Ina jin tsoro, Bala, wallahi ina jin tsoro. Garin nan bai huce ba, shiru kawai ya yi.

Ka tambayi ƙanenka yadda suke gane juna idan hayaƙi ya turnuƙe layi, kowa fuska a rufe. Kaki ana saye a gwanjo, ba shi suke kallo ba. Ƙirji suke kallo. Ranar da ɗaya daga cikin mutanen nan ya ɓullo daga lungu sanye da ɗinkinka, Jabir zai ga aikin gidansu, zai sauke bakin bindiga. Wancan ba zai sauke ba.

In ka riga ka yanka musu, ka ƙona a gaban Jabir kafin a yi sadakar ukuna. Kai kuma Jabir, in ya ƙona, ka miƙa wa yayanka hannu, magana ta mutu. Hasiya, ke ce babba, ki tara su cin abinci duk Juma'a ko suna so ko ba sa so.

Na yafe muku, ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya tsare ku daga sharrin abin da ke tafe. Ku uku za ku raka ni. Kada Bala ya zama dalilin da ku biyu za ku raka ɗaya.